Mai Rabo

Da siminti na tafi Mirya, buhu ashirin,
tsohuwar Fijo na nishi, tana tafiyar mai ciki.
Sau nawa na taka birki a hanya? Ba ta musa ba.
Sai a dawowa, wayam, baya ba ko tsinke,
dab da gari, inda duwatsu ke zaune bisa juna,
amalanken jarkoki ya ratso kwalta.
Na taka.
Gaba ya ji magana, baya ya ƙi.
Wutsiya ta zagayo tana son ganin fuskata.
Da na buɗe ido, hancin mota na kallon Mirya,
yaron amalanke ko ɗigo bai zubar ba.

Garejin Kalla na bayan Kasuwar Dole,
inda baƙin mai ya rina ƙasa tun ban san kaina ba.
Bai tambaye ni komai ba. Ya ja kwali,
ya shige ƙarƙashi, saura tafin ƙafa.
Daga can na ji: "Wa ya yi maka wannan aika-aika?
Sauko ka gani."

Na kwanta, tsatsa na zubo mini a ido.
Ya ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe da sufana,
bai kai dunƙulen hannu ba,
bakinsa biyu a buɗe, a bushe,
an kewaye shi da bututu kamar gidan mai bin bashi.

"Wannan shi ne mai rabo.
Ka taka sannu, ba ruwansa,
mai ya wuce, gaba da baya kowa daidai.
Amma ka danna da tsoro,
nauyi duka ya ruga gaba.
Ba ka jin goshinka na neman gilashi?
A lokacin tayoyin baya sun yi sakayau,
da ƙyar suke taɓa ƙasa.
Ka ba su ƙarfin na gaba, sai su ƙame,
kuma tayar da ta ƙame ba ta san hanya ba,
duk inda aka ja ta, can ne gida.

"To a cikinsa akwai ɗan fistan da sifirin.
Matsi na kaiwa wani gaci, fistan ya gusa,
ya tsuke ƙofa. Ban ce ya rufe ba.
Daga nan in gaba ya sami tiya,
baya sai rabin tiya, ya yi haƙuri.
Wannan sandar kuwa da ke lilo, an ɗaure da waya,
ita ke kai masa gulma.
Ka yi lodi, mota ta durƙusa, ta ce: da kaya, ƙara musu.
Ka sauke, ta miƙe, ta ce: rage."

Ban gaya masa ba.
Bara ne, a Tanut, yana yoyo,
wani yaro ya ce jika biyu zai raba ni da shi.
Har goro na ƙara masa
don birki ya fi kamawa.

Ina kwance nan, sai Inna Gaji ta faɗo mini,
bazarar da famfon Garin Malam ya yi kwana tara shiru.
Jarka ɗaya, mu bakwai.
Mai zuwa dako moɗa biyu, ni da ke zaune rabi.
Na yi wata ina ƙullace da ita.

Kalla ya tura Lawali bayan katanga
wurin gawar wata motar da kaji ke ƙwai a ciki.
Ya ciro nata, aka jiƙa a gazuwal har la'asar.
Ba ragi, jika bakwai.

Yanzu ina zaune a gaba, ƙafa kan birki,
shi yana ƙasa da kwalba, yana fidda iska.
"Taka. Taka. Riƙe."
Na riƙe.
"Kar ka saki sai na ce."